Zuwa ga Bazazzagin Dogarawa Mai Motar Gwame

Bawana na Dogarawa, gaisuwa irin ta ubangida da bawansa. Bayan haka, labari ya iso Kano cewa kana cigiyar ƙarfen da za ka sa wa ƙafar bayan motarka, kuma wai ka rantse ba za ka tambayi Bakano ba ko da za ta shekara a gareji. To ga shawarar na kawo maka har gida, kuma kyauta, abin da ka san ba halinmu ba ne.

Bari in gaya wa masu karatu ko wace mota ce, don yadda kake kurarinta sai su ɗauka jirgi ka sayo daga makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Palladan. BMW ce, samfurin da ake kira E46, wadda Jamusawa suka fara sayarwa a 1998 suka daina ƙerawa a 2006. Wato ko autar cikinsu ta isa yankar katin zaɓe. Ta gama yi wa wani Bature bauta, ta hau jirgin ruwa, ta sha iskar Kwatano, sannan ta faɗo hannun Bazazzagi, shi kuma ya raɗa mata suna motar tsere. Ban raina ta ba fa. Mai jan baya ce, injinta silinda shida a jere, shi ya sa samarin da ke wasan mota ranar ɗaurin aure suke mutuwar sonta: a taka mata wuta a kwana, bayanta ya zame, ƙura ta turnuƙe, yara su ɗauki ihu. Abin da na raina shi ne aika-aikar da ka yi mata. Ka sa an yanke mata sifirin don ta durƙusa ta yi kama da waɗanda kake gani a YouTube.

Ranar da muka haɗu wajen mai faci a gindin gadar Kwangila, kai kana bayani da Turanci, ni kuwa na tsugunna. Tayoyin baya sun yi gwame, sama ya shige ciki, ƙasa ya baje waje. Na zura hannu ta ciki na shafa. Gefen waje zanensa raɗau, kamar jiya aka ɓare leda, amma gefen ciki ya yi sulɓi har wayar taya ta fito tana soka min yatsa. Mai facin ya dube ni, na dube shi, ba wanda ya ce uffan. Kai kuwa ka ce, "Ai motana ya fi ƙarfin kayan Sabon Gari, daga waje zan yi oda."

To kafin ka yi odar, san abin da za ka saya. Kowace tayar baya a wannan motar hannuwa uku ne ke riƙe da ita. Akwai dogon da ya taso daga gaba, shi ke ɗauke da kan tayar, kuma bushin ɗin da ke gindinsa shi ke hana tayar kallon ciki ko waje in ka taka wuta ko birki. Akwai na sama, na alminiyam, wanda sifirin ke zaune a kansa. Sai na ƙasa, wanda makanikai ke ce wa lowa-am, siririn ƙarfe da ko igiyar janwe aka ɗaura masa sai ya lanƙwashe. A bakinsa na waje akwai ƙusa mai kan karkace, da ita ake daidaita kwanciyar taya. Kamfani ya bar wa tayar ɗan kwanciya na kimanin digiri biyu ko ƙasa da haka don ta riƙe kwana, kuma ƙusar nan kaɗan take iya ƙarawa ko ragewa. Da ka durƙusar da motar, sai kwanciyar ta wuce inda ƙusar za ta iya dawo da ita. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake ƙera lowa-am mai juyawa, mai zare hagu da dama, wanda ake tsawaita shi ko a gajarta shi. Magani ne na cutar da kai ka sayo da kuɗinka.

Na ga hoton wanda ka zaɓa. Ja ne, yana ƙyalli, ba ko ɗigon roba a jikinsa, bakinsa biyu ƙwallon ƙarfe ne zalla a cikin zobe. Kaya ne mai kyau, ba musu, ga wanda aka yi dominsa. Masu tsere suna sonsa saboda ba ya motsi ko kaɗan, abin da taya ta ji direba zai ji. A filin tsere irin na Nürburgring a Jamus, inda zagaye ɗaya ya haura kilomita 20 na kwalta, wannan alheri ne. A can kuma bayan kowace gasa ana ɗaga mota a duba kowace ƙusa. Kai ina za ka bi da shi? Daga shataletalen Dogarawa ka gangara lungunku, inda damina ke haƙa rami rani ya cika shi da ƙura. Ƙwallon nan tsirara yake. Ƙurar hunturu ta shiga tsakaninsa da zobensa ta yi ta gurza, ruwan Agusta ya zo ya ɗora tsatsa, kafin ka ankara ya fara ƙwas-ƙwas a kowane tudun rage gudu tsakanin Kwangila da Samaru. Sannan duk dukan da roba ke shanyewa yanzu kai tsaye zai tafi jikin mota, daga nan ya zarce ƙugunka, kuma ni na san shekarunka.

Jikin motar ma ba lafiya gare shi ba. Wannan samfurin ya yi suna wajen tsagewar falangen ƙasa a daidai inda aka ɗaure gadon ƙafar baya, har maganar ta kai kotu a Amurka. Mota mai wannan laulayin, wadda ta ba shekara ashirin baya ko ta kusa, ita za ka cire wa roba ka sa mata ƙarfe kan ƙarfe, ka kuma riƙa juya ta a filin biki. Tun kafin ka kashe sisi, sa a shiga da ita rami, a wanke laka, a haska tocila wajen ƙusoshi huɗun da ke riƙe da gadon. In an ga tsaga ko da kamar gashi ce, wajen mai walda za ka fara zuwa, a ɗora mata faranti.

Tsakanin mai roba da mai ƙwallon ƙarfe akwai na tsakiya, mai bushin ɗin roba mai tauri, ja ko ruwan ɗorawa, wanda ake kira foli. Ya fi roba jimiri, amma yana son giris, in ya bushe sai ya yi ta kuka, giris ɗin kuma shi ke kiran ƙura. Kada ka bari a sa maka shi a gindin dogon hannun nan na gaba, domin wurin yana buƙatar murɗawa ta kowane ɓangare, mai tauri kuwa riƙe shi yake yi.

Ga tawa shawarar, in kunnen Bazazzagi na jin ta Bakano. Ka nemo sifirin cikakke ka mayar da motar tsayin da Jamusawa suka ba ta. Gwamen zai tafi da kansa, ko mafi yawansa. Sannan ka sayi hannu irin na kamfani, mai bushin ɗin roba, sabo daga masu ƙera na asali irin su Lemförder, ko ɗan Beljiyam mai lafiya. In ɗan Beljiyam ne, kada ka yi aike. Je da ƙafarka, ko layin 'yan sifiya na Sabon Gari, ko Panteka a Kaduna, ko ka sauke girman kai ka zo Ƙofar Ruwa inda kaya suke. Ɗora shi a kan siminti ka ga ko ya miƙe. Murɗa robar da sukundireba ka ga ko ta tsattsage. Ka yi hattara da wanda ya fi sauran baƙi da sheƙi, don sau da yawa an buga shi da guduma ne aka fesa masa fenti. Kuma biyu ake saye, hagu da dama. Na san ka, za ka ce ɗaya ne ya lalace.

In kuwa ka kafe sai ta zauna a durƙushe, domin taurin kai gadonku ne, to sayi mai juyawa amma na ƙarfe, ba na alminiyam ba. Ƙarfe in ya faɗa rami lanƙwashewa yake yi ya ba ka dama ka lallaɓa gida, alminiyam mai araha kuwa yana iya tsagewa ba sallama. Ka duba zarensa ya yi kauri, notin kulle biyu su kasance a jiki, bakinsa na roba ne, ko in ƙwallo ne to mai rufin da ke hana ƙura shiga. Kada launi ya ja ka. Kana biya da dala, kuma tun da aka saki Naira a 2023 ka san yadda dala take. Abin da zai zauna a ƙarƙashin mota cikin laka, wa zai ga jansa in ba kaji ba?

Sauran aikin yana hannun bakanike, kuma nan ne ake yin asarar da ba a gani. Yawanci mota na rataye a kan jak, taya na lilo, yaron gareji zai hau sifana ya ɗaure ƙusoshin tamau. Da an sauke ta, robar ta murɗe tun ba a je ko'ina ba, haka za ta zauna a murɗe har ta yage, sai ka dawo kana cewa an sayar maka da jabu. Ka tsaya a kansa: a ɗaura sama-sama, a sauke motar ta tsaya da ƙafafunta a kan rami, sannan a ƙarasa ɗaurewa. Daga nan kai tsaye sai wajen alaimen na kwamfuta, ba na zare da ido ba. A daidaita kwanciyar hagu da dama su zo ɗaya, a kuma duba inda tayoyin ke kallo, domin kuskuren kallo ya fi kwanciya saurin cinye taya. Karɓi takardar awon ka ajiye. Ku da kuke son takarda, ga wadda za ta amfane ka.

Abin da ke ba ni mamaki ke nan da ku. Jami'ar Ahmadu Bello na Samaru tun 1962, da tsangayar injiniya guda. Cibiyar Fasahar Sufuri ta ƙasa baki ɗaya tana hanyar Basawa tun 1986, tafiyar ɗan acaɓa ce daga ƙofar gidanka. Duk wannan ilimin a kewaye da kai, amma sai da mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya tsugunna ya shafa maka taya. Kuma ko ka sa mata ƙafar zinare, dokar hukumar kiyaye haɗurra kilomita 100 a awa ta yarda wa ƙaramar mota a babban titi. Hanyar Zariya zuwa Kano ta yi kyau yanzu, na sani, amma akwai tirela, akwai shanu, akwai masu tsallaka titi a Tashar Yari da Kwanar Dangora, kuma ina son bawana da ransa, don ban gama morarsa ba.

Watan cika-ciki na tafe. Ka haɗa min kuɗin shara na bana da na bara da ka maƙale. Tsofaffin hannuwan da za a cire kuma kada ka bar wa yaran gareji, ka sa min su a but ka taho da su. Ina da mai saye, wani Bazazzagi ne shi ma, na gaya masa daga Jamus aka yo min odarsu.