Wayar ɗakin ƙanƙara

Duk maigidan da ya taɓa canza ƙwan fitila da hannunsa, a ransa gani yake shi ma injiniya ne. Ina cikin wannan ƙungiya. Don haka da uwargida ta sayi firiza za ta fara sana'ar ƙanƙara da zoɓo a ɗan ɗakin langa-langa na ƙarshen gida, sai na ce ba mai kira mini mai gyaran wuta. Jan waya ne fa, ba tuƙin jirgi ba.

Na nufi Sabon Gari, layin masu kayan lantarki. Mai shago ya ce, "Alhaji, wacce za a ba ka?" Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na amsa sunan. Ya jero mini: mai kaurin 1.5 ta fitilu ce, 2.5 ta soket, 4 ta manyan kaya irin na'urar sanyaya ɗaki. In kuwa binnewa za a yi, to sai mai sulken ƙarfe. Da ya faɗi kuɗin mai sulken, nan take na tuna ana jirana a wani wuri. A bakin titi wani yaro ya ja ni lungu, ya nuna mini wata ja jawur, siririya, a rabin kuɗin ta fitila ma. Ya ce, "Yallaɓai, wuta ai ba ta san kuɗin waya ba." Maganar ta shige ni.

Tazarar ta kai mita 40. Na yi rami da fartanya, zurfin taƙi guda, na shimfiɗa. Da wayar ta gaza, na yi mata ƙari, na naɗe mahaɗin da ledar burodi.

Aka kawo wuta da daddare. Firiza ta yi nishi kamar tsohon da zai tashi daga tabarma, ƙwan fitila ya yi ja, ta ce ƙas, ta yi shiru. Haka ta kwana. Da safe zoɓo ya yi tsami, ƙanƙara kuwa tana nan a ruwanta. Uwargida ta ce, "Malam, anya?" Na ce laifin masu wuta ne. Ta dubi fankar falo tana ta juyi abinta, ba ta ƙara cewa komai ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Sai damina ta sauka. Akuya ta goga jiki a ƙofar ɗakin ƙanƙarar, ta yi tsalle da wani irin kuka da ban san akuya na da shi ba. Surukata ta ce aljanu ne, a kawo turare. Ni da na yi boko na ce camfi ne, na taka ba takalmi don in nuna musu. Abin da na sani kawai, na tsinci kaina zaune a caɓi ina salati, maƙwabta suna leƙe ta katanga.

Mai gyaran wuta ya zo, ya kashe mita, ya tono wayar, ya kankare ta da wuƙa. Fara fat! Alminiyom ce aka shafa wa tagulla, kuma ƙarfinta wajen ɗaukar wuta bai wuce kusan kashi 60 cikin 100 na tagulla ba. Ya ce ko volt 230 ta baro mita cif, balle ta unguwarmu da ba ta cika, siririyar waya mai tsawo cinye ta take a hanya, ga shi injin firiza in zai tashi yana jan ninkin abin da ya saba sha. Gafiya ta ɓare robar, ruwa ya shiga ledar burodi, babu wayar da ke kai wuta ƙasa, sai ƙofa ta karɓi aikin.

Ya sa mai sulke, tagulla zalla, kauri 4, a ramin da ya haura rabin mita, da bireka tata daban wadda ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa. Ya karɓi kuɗin aiki, ya ƙara da na tono. Uwargida ta rubuta mini bashin zoɓo, tana cirewa a naman miyata.

Jar wayar kuwa mun ɗaure ta daga mangwaro zuwa katanga, ana shanya a kai. A wannan aikin ba ta taɓa ba mu kunya ba, kuma akwai saura ga mai so.