Ire-iren Masu Ba Tela Aiki ta Waya

Oda ta waya ita ce mutum ya sa mai sana'a ya yi masa abu daidai jikinsa ko daidai son ransa, ba tare da ya tako ƙafa ya zo shago ba. A Yasore da ƙauyukan da ke tsakanin Batsari da Safana, tela da mai ɗinkin hula ne suka fi shiga harkar, sai kafinta da matasan da ke haɗa hoton biki a waya. Tela ya gama riga, ya sa yaron shago ya sanya ta ya tsaya jikin bango, ya ɗauki hoto ya ɗora a sitatus na WhatsApp ko shafinsa na Facebook, ya rubuta lambarsa a ƙasa. Daga nan sai saƙo ya fara shigowa daga Katsina da Dutsin-Ma, da kuma 'yan ci-ranin da ke Legas da Abuja waɗanda ke son su iso gida su tarar da kayansu a goge. Aikin yana bin matakai sanannu, wato tambaya, samfuri, ciniki, awo, kafin alƙalami, ɗinki, aikawa, sannan cikon kuɗi, kuma kowane mataki yana da irin mutanen da ke zaune a kansa.

A matakin farko ake samun jinsin da ya fi kowane yawa, shi ne Nawa-ne. Duk hoton da aka ɗora sai ya rubuta "nawa ne?", ko da farashin yana rubuce a jikin hoton da manyan lambobi. In aka gaya masa sai ya ce Allah ya sa albarka, ya ɓace, sai wani hoton. Bai taɓa ɗinki ba, kuma ba shi da niyya. Sanin farashi ne abincinsa, kamar mai zuwa kara ranar kasuwa ya tattaɓa bayan rago ba ko sisi a aljihunsa. Ƙanensa shi ne mai gaisuwa zalla, wanda zai aiko da sallama ranar Asabar, ya tambayi iyali ranar Lahadi, ya tambayi ruwa da gona ranar Litinin, sai ranar Talata a gane rancen dubu biyu yake nema.

Mai saƙon murya kuwa da gaske yake, matsalarsa ita ce bai san inda magana ke ƙarewa ba. Saƙonsa minti bakwai ne. A ciki akwai carar zakara, da tsawar da ya yi wa yaro ya bar bakin rijiya, da labarin telan da ya cuce shi bara, da addu'a ga iyayen tela. Launin zaren da yake so yana can cikin minti na shida, an faɗe shi sau ɗaya, daidai lokacin da babur ke wucewa. A 2021 WhatsApp ya fito da hanyar saurare da ninkin sauri, abin da ya rage wa teloli rabin wahala, ya kuma mayar da muryar dattawan kirki kamar ta 'yan tsaki.

Matakin samfuri na Irin-wannan-sak ne. Hoton da yake turowa daga bikin 'ya'yan manya aka ɗauko shi, shadda ce Getzner da ake saƙawa a ƙasar Ostiriya, aikin wuyan kuma injin kwamfuta ne ya yi shi, wanda kuɗinsa ya fi shagon telan da abin da ke ciki. Abin da ya aiko da shi yadi huɗu ne na mai araha, telan kuma kekensa Butterfly ne na ƙafa. In an yi masa bayani sai ya ce, "Haba malam, ai hannu ne, kai dai ka yi ƙoƙari." Yanzu abin ya ƙara gaba, don hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira sun shigo: riga ba ɗinki ko ɗaya a jikinta, aljihu a inda hannu ba ya kaiwa, mai sanye da ita yatsunsa shida. Telan da ya san ciwon kansa yakan tura hoton aikin da shi ya yi da hannunsa mafi kusa da abin da ake so, ya ce iyakar abin da za a samu ke nan, ya jira a amsa a rubuce.

Ciniki ta waya bai bar al'adar kasuwa ba: a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Amma akwai mutum biyu da ba su taya. Na farko ɗan uwa ne. Da "ɗana" ko "ƙanena" yake buɗe magana, ya tuna wa tela cewa shi ya goya shi ranar da aka yi masa kaciya, ya rufe da "ka yi mini na gida." Na gida yana nufin kyauta, kuma aikin ya fi na kowa kyau, kuma a fara da shi. Kawu ba a yi masa farashi, gwaggo ba a tambayar ta cikon kuɗi, kuma in rigar ta ɗan matse, zancen zai kai gaban mahaifiyar tela kafin magariba. Na biyu sabon shiga ne, wayar ce ta haife shi, wato mai mabiya. Zai ce yana da mutum dubu kaza a TikTok, a ɗinka masa kyauta ya sanya ya ambaci sunan shago. Sau da yawa in aka duba, mabiyan nasa yara ne masu kallon rawa, kuma ranar da ya sa rigar sai ya manta sunan shagon, ya tuna na mai askinsa.

Awo shi ne inda waya ta fi cutar tela, domin tef ba ya bi ta cikin intanet. Mai awon baki zai ce, "Tsayina kamar na yayanka, sai dai na ɗan fi shi jiki." Wani ya ce a yi da awon da aka ɗauka masa kafin ya yi aure, alhali shekara shida ke nan yana cin tuwon mata biyu. Wani ya auna kansa da igiya, ya auna igiyar da taƙi, ya turo lissafin. Masu hula sun fi sauƙi tunda lamba ce, 22 ko 23 ko abin da ya yi kusa, amma a nan ma akwai mai rage rabin inci don kada a ce kansa ƙato ne, hula ta iso ta zauna masa a tsakar ka kamar murfin kwano. Hanya mafi aminci ita ce tsohuwar hanya: a aiko da rigar da ta yi masa daidai a gwada da ita.

Daga nan sai kafin alƙalami, wato kuɗin da ake bayarwa kafin a fara aiki. Shi ne rariyar da ke raba tsakuwa da tsaba, don da an ambace shi kashi mafi yawa na masu zumuɗi sukan yi shiru. Da can hannu da hannu ake ba da shi. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, shi ya tura har mutanen ƙauye ga tiransifa da masu POS da asusun waya irin su OPay da Moniepoint. Tare da sauƙin sai ga sabbin halittu. Akwai Na-tura-duba, wanda kullum kuɗinsa suna hanya, netwok ne ya riƙe. Akwai mai turo hoton rasit wanda sunan tela yake daidai, adadin kuɗi daidai, sai dai kwanan watan na makon jiya ne. Akwai mai alat na bogi, wanda saƙon shigar kuɗi zai faɗo wayar tela amma asusu bai motsa ba. Ƙa'idar masu gogewa ita ce almakashi ba ya taɓa yadi sai an buɗe asusu an ga kuɗin da ido. Sai dai kafin alƙalami igiya ce mai kai biyu, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma teloli da yawa sun riga sun ci ladan kafin su nemo askar.

Bayan an yanka ne mai sauya ra'ayi ke farkawa. Ya ce wuyan zagaye, an yanka zagaye, sai ya ga wani a masallacin Juma'a da mai tsaye. In tela ya koma ya nuna masa saƙon farko, sai ya tarar an goge shi, tunda tun 2017 WhatsApp ya ba mai saƙo damar share abin da ya aika daga wayar kowa. Wannan ne ya koya wa teloli ɗaukar hoton allon waya, har wasu wayarsu ta fi cika da hujja a kan hoton iyali.

Anko babi ne mai zaman kansa. Oda ɗaya ce a suna, amma mutum talatin ne a ciki, kuma kowace tana ganin ita ce amaryar. Babbar ƙawar amarya ce ke buɗe guruf, ta sa tela a ciki ba tare da ta tambaye shi ba, ta sanar cewa atamfa iri ɗaya ce, ɗinki iri ɗaya. Kafin la'asar an samu ɗinki iri goma sha ɗaya. Turmin atamfa yadi shida ne, amma akwai wadda take son riga da zane da ɗankwali da 'yar rigar ɗiyarta duk a ciki, kuma a maido mata da sauran ƙyalle. Akwai wadda ba ta magana a guruf, sai dare ya yi ta bi tela ta gefe ta ce, "Don Allah nawa ya ɗan bambanta, amma kada ka gaya wa kowa," kuma su tara ne suka aiko da wannan sirrin. Akwai wadda ta biya kuɗinta ta hannun babbar ƙawa, babbar ƙawa ta sayi kayan lalle da su. Ranar kamu in ɗinkin wata ya fi na wata, ba a tuhumar wadda ta bi ta gefe, tela ake tuhuma, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Guruf ɗin kuma ba ya mutuwa bayan biki. Yakan koma wurin tallan turaren wuta, tela yana ciki har a yi suna.

Mai daren Sallah sananne ne tun kafin a ƙirƙiri waya, abin da ya sauya kawai shi ne yanzu yana iya fafe gorarsa ranar tafiya daga Legas. Ranar 27 ga azumi zai aiko da yadi, ya ce kaftani ne kawai ba wani aiki, bayan tela ya rubuta tun tsakiyar Sha'aban cewa ya rufe karɓa. Ɗan siyasa shi ma da lokacinsa yake zuwa, ya yi odar huluna masu yawa, ya ce a same shi bayan zaɓe. In ya ci ba ya ɗaukar waya saboda aiki, in ya faɗi ba ya ɗauka saboda baƙin ciki.

Aikawa ta hannun direba ake yi. A ƙulle kaya a leda, a rubuta lambar mai su a jiki, a kai tashar Batsari a ba direban Katsina, daga can a sake ɗora su motar Kano ko Abuja. Rashin tsaron da ya addabi yankin dajin Rugu ya sa ba kowane lokaci ake bin hanya ba, don haka jinkirin kwana ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana, aka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya samu sabis. Masu sana'a sun ji jiki ƙwarai, amma masu cikon kuɗi a kansu sun samu uzurin da ba a taɓa ba su irinsa ba, har akwai waɗanda tasu wayar ba ta dawo ba har yau. Irin waɗannan sukan sa rigar su ɗauki hoto su ɗora a sitatus, su manta telan yana cikin masu kallo.

Telan kansa yana cikin lissafin, ko da yake wanzami ba ya son jarfa. Yana da harshe na musamman wanda mai oda ya kamata ya iya fassarawa. "Yana kan keke" na nufin yadin yana cikin buhu ƙarƙashin tebur. "Saura maɓalli" na nufin an yanka. "Saura guga" na nufin an fara ɗinki. "Na ba yaro ya kai tasha" na nufin gobe, "gobe in sha Allahu" kuma ba ta nufin wata rana takamaimai. Yakan kashe alamar nan mai shuɗi da ke nuna an karanta saƙo, ya ɗora hoton sabon aiki a sitatus alhali mutum goma suna jiran amsa, in an matsa masa ya ɗora laifin kan tsadar fetur na janareta tun cire tallafi a watan Mayu na 2023, ko da kekensa na ƙafa ne, dutsen gugarsa kuma na gawayi.

Jinsi na ƙarshe ba shi da yawa. Shi ne wanda ke turo samfuri ɗaya da awo cikakke a saƙo guda, ya biya rabi nan take, ya faɗi ranar da yake so tun saura wata, ba ya kira, ba ya tuni, in kaya sun iso ya cika kuɗi ya yi godiya. Kowane tela yana yabonsa a gaban mutane, kuma da yake an san ba zai yi faɗa ba, aikinsa ake ɗinkawa a ƙarshe.