Ina Za Mu Tura Jirgin?

Kogin Kaduna ba ya zama da fuska ɗaya. Daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya yi tafiyar kusan kilomita 550 kafin ya faɗa Kwara daura da Fategi, kuma ko a ɗan yankin da ya ratsa cikin garin Kaduna, halinsa na Agusta daban, na Maris daban. Da damina ja ne jawur, yana tafe da itatuwa da robobi, wani lokacin har ya leƙa ɗakunan mutanen Kigo Road, yadda ya yi a 2003 da 2012. Da rani kuwa duwatsu su fito, yashi ya kwanta, yara su riƙa tsallake wasu wuraren da ƙafa. Mashigar da ta yi daɗi watan jiya, yau sai a tarar laka ce har gwiwa. Shi ya sa zaɓen inda za a tura kwale-kwale ya zama ilimi mai zaman kansa, kuma a bakin kogin nan malaman ilimin sun fi ɗalibansa yawa.

Maganar 'yan fatsa ake yi, masu fitowa Asabar da Lahadi su yi hayar jirgi a hannun masunta. Masuntan gaske ba su da lokacin muhawara. Kafin assalatu sun duba kalli, sun zazzage gura, sun fara jefa birgi. Nasu dai kallo ne da murmushi.

Babban cikin 'yan sha'awar, wanda ya cancanci a fara da shi, shi ne Mu-Ƙara-Gaba. Tun daren Juma'a yake bugo waya: "Gobe bayan asuba a Malali, Malam, kada ka makara. Labari ya iso ni, tarwaɗa ta taru." Wanda aka kira ya raba dare yana haƙar tana da tocila a bakin rariya, ya sallame salla ya fito cikin hunturu yana karkarwa. A isa Malali, mai jirgi ya kwance igiya, a loda kaya, har mutum ya jefa ƙafa ɗaya ciki. A daidai nan ne Mu-Ƙara-Gaba zai tsuguna. Ya tsoma hannu cikin ruwa, ya shinshina, ya matsa gefe ya sake tsomawa, ya ja baya ya ƙare wa kogin kallo kamar mai zaɓen ragon layya a Zangon Tudun Wada. Sannan ya yi shiru. Duk wanda ya taɓa fita da shi ya san wannan shirun, kuma gabansa faɗuwa yake yi.

"Kai, ruwan nan ya yi sanyi. Mu ƙara gaba."

Sai a sauke kaya, a ba mai jirgi haƙuri da na goro, a tari Keke Napep zuwa Unguwar Rimi. Can ruwan bai yi sanyi ba, amma masu wanki sun riga sun baza kaya a kan duwatsu, shi kuwa ya rantse kumfa tana korar kifi, alhali a jakarsa akwai guntun sabulun da ya yanyanka don tarwaɗa. In an tuna masa sai ya ce ai wancan sabulun daban ne. A Kabala Costain laifin gada ne. Tun da aka buɗe sabuwar da ta haɗa unguwar da Barnawa a 2022, in ji shi, ƙarar motoci ta sa kifi ƙaura, kuma ya san inda suka koma, can gaba kaɗan. A Gamji idon mutane ya yi yawa. Ba kuma zai bar wurin haka nan ba, sai ya ja ayari zuwa gindin tsohuwar gadar Gwamna Lugga, wadda aka ƙera a Zungeru a 1904 aka ɗauko ta daga baya zuwa Kaduna, ya ba da tarihinta tiryan-tiryan ga mutanen da tanarsu ke mutuwa a gwangwani. Kafin a kai gadar filin wasa na Ahmadu Bello hantsi ya dubi ludayi, masu birgi suna fitowa, mata masu suya suna taya kifi a bakin gaɓa. Sai ya dafa ƙugu ya yi ajiyar zuciya: "Wallahi da mun sani mun tsaya Malali." Kuɗin Keke kuwa, har yau bai taɓa samun canji ba.

Abin da ya sa aka kasa rabuwa da shi, mutumin ba jahili ba ne. Ya san karfasa tana son ruwa maras zurfi mai ciyawa, inda rana ke ɗumamawa. Ya san tarwaɗa tana lafewa a gurbi mai laka, sai magariba ta fito kiwo. Ya san ragon ruwa yana kwanciya a bayan duwatsu inda igiyar ruwa ta karye, ya san ƙurungu in ya hau ƙugiya sai an yi a hankali da ƙayarsa, minjirya kuma ba a kama ta da hannu sau biyu. Ya san mashigar da gangarenta ke da santsi, da wadda masu ɗibar yashi suka rarake ƙasanta, har mutum yana tafe cikin ruwa iya gwiwa, taku ɗaya ya ji babu ƙasa. Kowane dalili ya kawo akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Matsalar ita ce tsakanin Rafin Guza da Kabala West babu mashiga guda da ta haɗa duk abin da ya sani, shi kuma ba ya karɓar rabi. Akwai waɗanda suka daɗe suna fita da shi ba su taɓa ganin ƙugiyarsa ta jiƙe ba. Duk da haka, daren Juma'a in waya ta yi ƙara, ɗauka suke yi.

Kishiyarsa shi ne Mai-Gadon-Wuri. Mashiga ɗaya tak ya sani, inda mahaifinsa ya kama giwan ruwa zamanin Sardauna. Kogi ya sake hanya, wurin ya zama tudun yashi, wani ya shuka latas da alayyafo a gefe, amma nan zai tura jirgi ko da jansa zai yi a ƙasa. Giwan ruwan kuma kowace shekara ƙara ƙiba yake. Bana ya kusa kamo wanda ya ci gasar Argungu a 2020, mai kilo 78.

Mai-Sirri in an tambaye shi inda ya samo kifi sai ya turo leɓe ya nuna gabas, alhali daga yamma aka ga ya ɓullo da laka a wando. Ɗan-Bi kuwa ba ya wahalar da kansa da zaɓe. Yana zaune a gaɓa har ya hangi sandar wani ta lanƙwasa, ya tuƙo ya manna jirginsa da na mutum, "Sannu da aiki, Yaya, ashe kai ne," nan take zare ya sarƙe da zare. Ranar da Allah ya haɗa biyun nan, masunta kyauta suke kallo. Mai-Sirri ya je wurin da ya tabbata babu komai ya yi ta jefa fatsa don ya ɓatar da sawu, Ɗan-Bi ya like masa, su wuni tare babu ko kawara.

Alhajin Mota sharaɗinsa biyu ne: ya riƙa hango motarsa daga cikin jirgi, kuma waya ta samu sabis. Mai-Tsoron-Kada kowane kututture ya taso a ruwa sai ya yi salati ya ce a juya, ko da yake kadojin da ya taɓa gani ido da ido na cikin keji ne a Gamji. Ba a cika yi masa dariya da ƙarfi ba, don babu mai iya dafa Alƙur'ani ya ce kogin babu su.

Sabon shiga a jerin shi ne Ɗan-Teku. Wataƙila ya yi aiki a Legas ko Fatakwal, wataƙila kuma iyakar tafiyarsa YouTube, inda ya ƙoshi da kallon Turawa a gaɓar Fulorida cikin kayak, siririn jirgin nan mai cin mutum ɗaya da mutanen Inuwit na ƙasar ƙanƙara suka fara yi da fatar dabba, yanzu ake zuba shi da roba. Yana isowa da sanda mai naɗe zare da kanta, da kifin roba mai ƙyalli, da tabarau, da hula mai faɗin baki. Ya gaida tsohon masunci cikin ladabi ya ce, "Baba, ƙarfe nawa ruwa ke cikowa?" A bakin teku tambaya ce ta hankali. Can a yawancin gaɓoɓi ruwa yana cika ya janye sau biyu a yini, wanda ya tura jirgi lokacin cika bai lissafa ba sai ya dawo ya tarar da fili guda na laka tsakaninsa da tudu. Tsohon dai ya ci gaba da ɗinkin birginsa ya ce, "Watan Agusta, ɗana." Kogin Kaduna ruwan saman da aka tafka can sama yake bi, shi ya sa yana iya tasowa da rana tsaka babu ko gajimare a Kawo, kuma wannan ba ya cikin wayar Ɗan-Teku. Amma a ba shi haƙƙinsa, shi kaɗai ne ke sa rigar kariya. Ana yi masa shaƙiyanci a kanta, shaƙiyancin da ba shi da hujja a ƙasar da jirgi ya kife kusa da Fategi a watan Yunin 2023 da mutane masu dawowa daga biki, sama da ɗari suka rasu.

Akwai wani iri kuma da ba a cika ambatawa ba, don yawanci shi ke riƙe da alƙalami. Yana da dogon bayani kan zurfi da igiyar ruwa da inda iska ta dosa, amma in an lura, duk mashigar da yake yabo tana da inuwar mangwaro, da mai shayi, da mai ƙosai ba nisa. Mai wannan rubutu yana ganin ana matsa wa bawan Allahn nan fiye da kima.

Abin da ya haɗa su duka, ba kasafai ɗayansu ke fara zuwa gaida Sarkin Ruwan unguwa ba, alhali shi ya san inda aka shimfiɗa kalli, da inda aka ja mamari, da dutsen da ke fasa jirgi. Sai an tsinka wa wani mamari da filafili, rigima ta tashi, sannan a tuna da shi.

Duk waɗannan ana zama da su, a yi faɗa a shirya a teburin mai shayi. Wanda ba a zama da shi shi ne mai zuba magani, kuma abin takaici, duk ya fi su iya zaɓen wuri. Ba ya gaggawa. Jira yake rani ya tsananta, wajen Maris da Afrilu, ruwa ya ja baya ya bar gurabe tsakanin duwatsu, kifi ya taru wuri ɗaya babu hanyar gudu. Sai ya zo da dare da kwalbar Gamalin ko wani maganin feshin gona ya tsiyaye. Kafin gari ya waye komai ya taso ciki sama, tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, da 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba, har kwaɗi. Ya tsince manya ya cika buhu, ya bar sauran suna ruɓewa. A da akwai masu daka magimfa su zuba, ita ma ba abin yabo ba ce, amma ganye ne da ƙarfinsa ke gushewa. Sinadarin da ke cikin Gamalin kuwa yana maƙalewa a kitsen kifi da na wanda ya ci shi, har yarjejeniyar Istokholm ta sa shi cikin jerin waɗanda za a kawar daga duniya a 2009. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki. Ya san da haka sarai, shi ya sa ba ya zuwa da rana.

Ruwan nan kuma ba nasa ba ne shi kaɗai. Shi mai lambu ke ja da inji zuwa tumatir da kabeji, shi shanu ke sha, a cikinsa yara ke iyo, daga kogin nan matatar Malali ke ɗiba ta aika famfo. Ga kwatocin unguwanni suna zuba a ciki, ga abin da ya haɗiya daga magudanan Kakuri da Makera tun da aka buɗe masaƙar farko a 1957. Kayan da ke kansa sun ishe shi. Mai magani yana da ƙane, wanda ke kwance gidan sauron da aka raba kyauta don masu ciki da ƙananan yara, ya ɗinke shi ya ja a gefen ciyawa, ya kwashe ƙwai da 'ya'yan kifin da ya kamata su zama tarwaɗar baɗi.

Kifin magani in ya sha hayaƙi ya zama banda, babu mai gane shi a tire. In aka rutsa mai shi sai ya marairaice ya ce, "Malam, neman abinci nake." Masuncin da zai yi makonni yana ɗaga gura wayam a gurbin nan, da matar da ta sayi bandar ta zuba wa 'ya'yanta a miya, su ma ba yawon shan iska suka fito ba.