Masu 'Yar Katafila Iri-Iri Ne

A 1968 kamfanin Yanmar na Japan ya fito da wata 'yar motar haƙa mai taya. A 1971 Takeuchi ya ƙera wadda ke juyawa gaba ɗaya a inda take tsaye, Kubota kuma ya shigo sahu a 1974. Dalilinsu a fili yake: lungunan biranen Japan ba sa ɗaukar babbar katafila, ga bututu na jiran a binne shi, ga harsashin gini na jiran a tona. Don 'yan kwangila aka yi ta. Babu wanda ya kawo a ransa cewa wata rana malamin makaranta mai ritaya a karkarar Amurka zai kasa barci saboda ita.

A Amurka da Ingila, mutum sai ya mallaki eka biyar ko goma a bayan gari, ga kututturai, ga ruwa na kwanciya a bayan gida, amma babu leburori masu diga da shebur da ke zaune a bakin titi suna jiran aiki kamar a Kano ko Damagaram. In ma an samu, kuɗin yininsu kaɗai ya isa ya sa mutum ya zauna. Shi ya sa kowa ke mafarkin tasa 'yar katafilar, daga mai nauyin ƙasa da tan ɗaya zuwa mai tan shida. Daga ranar da mafarkin ya shiga, halin kowa sai ya fito fili.

Akwai Mai Lissafi. Shi wannan ya san zurfin da kowane samfuri ke haƙawa, ya san faɗin kowace ƙafar roba, ya san cewa a 1993 Yanmar ya fito da irin wadda ƙugunta ba ya wuce faɗin ƙafafunta in ta juya, don haka ana iya aiki da ita a jikin bango ba tare da an rushe shi ba. Ya kuma san cewa mai dogon ƙugu ta fi zama daram idan an ɗaga kaya mai nauyi ta gefe. Duk gaskiya ne. Matsalar ita ce sanin bai bar shi ya zaɓa ba. Dillalan da ke kusa da shi sun haddace muryarsa a waya, kututturen da ya jawo maganar har ya yi toho ya soma ba da inuwa. Daga ƙarshe matarsa ce ke kiran wani mai injin haya, ya tumɓuke shi kafin azahar, shi kuwa yana tsaye a gefe yana gaya wa mutumin cewa bokitin da ya ɗauro bai dace da irin wannan ƙasa ba.

Ɗan Gwanjo bai da wannan ciwo. Ya ga hoto da daddare, ya taya, gari ya waye ya mallaki injin. A 'yan shekarun nan ƙananan injinan Sin masu tan ɗaya, waɗanda galibi daga masana'antun lardin Shandong suke fitowa, musamman wajen birnin Jining, sun cika filayen gwanjo a Amurka, sababbi fil, a kan 'yan dubban daloli. Da yawansu ɗan injin fetur ne a ciki mai ƙarfin doki 13 da rabi, ɗan'uwan wanda ake gani a jikin janareto. Aikinsa na farko da ita ba haƙa ba ne. Sai ya bi kowane noti da sifana ya ɗaure, ya zubar da man haidurolik ɗin da ta zo da shi ya zuba wani, ya ɗura giris a duk inda ya ga kan giris. Idan ya taɓa sandar tuƙi sai hannun injin ya zabura, bokitin ya watsa ƙasa a inda ba a aike shi ba, shi kuma ya ce ai sabo ne ake yi da juna.

A yi masa adalci. Wanda buƙatarsa 'yar magudana ce da ramin dashen itace, wannan injin zai yi masa, kuma ya fi ƙarfin gadon bayan ɗan shekara sittin nesa ba kusa ba. Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da famfon haidurolik ya tsaya, aka nemi dillali aka rasa, aka koma auna zaren noti da neman makamancinsa a intanet. A ranar ne babban abokin gabarsa ke samun abin faɗa, wato Mai Tsohuwa, wanda ya ba da ninki uku na kuɗin ya sayi Kubota ko Takeuchi ta hannu da ta yi awa dubu huɗu tana wahala a hannun 'yan kwangila. Shi wannan ba ya sayen inji sai ya je da sassafe ya tayar da shi da sanyinsa ya ga kalar hayaƙi, ya girgiza bokiti ya ji ko fil ɗin sun yi lako-lako, ya leƙa ƙarƙashi ya nemi ɗigon mai. Agogon awa ba ya burge shi, domin ana iya canja agogo, amma fedar da ta suɗe ba ta ƙarya. In suka haɗu a shagon kayan gyara, kowa na tausayin ɗan'uwansa da babbar murya, alhali duk tiyo ɗaya suka zo saye.

Sai Mai Babbar Zuciya, wanda ya je sayen mai tan biyu ya dawo da mai tan biyar, saboda an ce masa ba a taɓa jin wanda ya yi kukan injinsa ya yi ƙarfi da yawa ba. Ba a gaya masa sauran zancen ba. A Birtaniya, tirelar da ake ja da ƙaramar mota ba ta wuce kilo 3,500 ita da kayanta, shi ya sa kamfanoni ke tsayar da wasu samfuran a wajen tan 2.7, don su hau tirelar da bokitansu ba a karya doka ba. Tasa ta wuce nan, don haka duk inda za ta sai an yi hayar babbar mota. Ya auna komai bai auna ƙofar gidansa ba. Akwai injinan da aka yi musamman saboda wannan: Bobcat E10 na tsuke ƙafafunta zuwa santimita 71, Kubota K008 zuwa 70, har cikin ɗaki suna shiga ta ƙofa. Tasa kuwa ta kusa mita biyu. Aikin farko da ta yi masa shi ne cire ginshiƙin ƙofar da kanta, na biyu kuma mai da ciyawar da matarsa ta yi shekaru tana ba ruwa ta koma fadama.

Batun wurin kwana ne ya fi raba mutane, don injin mai gida ba ya aiki sai jefi-jefi, yawancin shekara a tsaye yake. A nan ake gane Ango. Tun kafin ta tare ya gina mata ɗaki, ya zuba daɓen siminti, ya auna tsayin ƙofa da rumfar da ke kare direba, ya ja mata wuta. Da aka yi lissafi, ɗakin ya fi ta tsada. Kullum da yamma sai ya leƙa ya gan ta, in baƙo ya zo kafin a ba shi ruwa an kai shi gaisuwa. Abin haushi shi ne duk abin da yake yi daidai ne. Yana sauke bokiti da ƙarfen tura ƙasa na gaban injin a ƙasa kafin ya kashe, don kada nauyi ya kwana a kan haidurolik. Yana mai da sandunan silinda masu sheƙi ciki, wanda bai shige ba ya shafe shi da giris, domin in tsatsa ta ci su za su yaga robar da ke tare mai. Yana cika tankin dizal don kada raɓa ta taru a ciki, ya cire kan batir, ya wanke laka daga ƙafafu kafin sanyi ya daskarar da ita. Abu ɗaya ne ba ya yi: haƙa. Ƙasa tana goge fenti.

Ko-oho kuwa a inda man ya ƙare nan ya bar ta, hannu a sama, makulli a jiki. Rana na busar da tiyo da ƙafar roba har su tsage, ruwa na kwanciya a kujera, ɓeraye sun tare a bayan batir sun mai da wayoyi abin taɓa baki. Idan bazara ta zo ya murɗa makulli bai ji komai ba, sai ya ce kayan yanzu ba su da ƙarko. Makullin ma cire shi ba wata kariya ba ce, tunda injinan gini da yawa na kamfani ɗaya makulli ɗaya ke tayar da su, ana kuma sayar da tarinsu a zobe guda. Yawan satar ce ta sa a 2007 aka kafa tsarin rajista na CESAR a Birtaniya, mai ɗan allo mai kusurwa uku da ake mannawa a jikin inji. A 2019 ɓarayi a Arewacin Ireland sun yi ta ɗaukar motocin haƙa daga wuraren gini da tsakar dare suna ciro na'urorin ATM daga bango. Ko-oho ya ji labarin, ya ce tasa ko ɓarawo ba zai iya tayar da ita ba, kuma ya yi gaskiya.

Sarkin Kayan Haɗi shi ne ɗan gatan dillalai. Ya soma da babban yatsa, ƙarfen da ke matse kaya a jikin bokiti, wanda duk mai hankali zai yarda ya cancanci kuɗinsa, don shi ne bambancin tura gungume da ɗaukarsa. Sai siririn bokitin tona hanyar bututu, sai faffaɗa marar haƙori na share ƙasa. Da ya tsaya a nan da ya gama. Ina! Ga haƙori guda na yanke saiwa, ga matoni na ramin turken shinge, ga gudumar fasa dutse alhali babu dutse a filinsa, ga na yankan ciyawa da ya iso kafin a gano cewa famfon injin ba ya tura man da zai juya shi. Biyu daga ciki ma fil ɗinsu bai yi daidai da hannun injin ba. Yanzu idonsa na kan wuyan nan na mutanen Suwidin, irin wanda Engcon da Rototilt ke ƙerawa, mai juya bokiti ta kowace fuska ya kuma karkata shi. Kuɗinsa kan fi na injin Ɗan Gwanjo gaba ɗayansa.

Wanda ba a yi wa dariya sosai shi ne Haƙa-ka-gani. A Amurka lamba ɗaya ce, 811, ake kira kyauta kwanaki kaɗan kafin a sa bokiti a ƙasa, sai a zo a yi wa filin alama da fenti da 'yan tutoci: ja na wutar lantarki, rawaya na iskar gas, shuɗi na ruwan sha, kore na bututun ƙazanta, ruwan lemo na waya da intanet. Shi ba ya kira, wai ya san filinsa. Bokiti na uku ya fito da wata baƙar igiya, unguwa ta rasa intanet. In ma ya kira, masu alamar ba sa bin layin da mai gida ya binne da kansa, don haka wayar da ya ja zuwa rumfarsa shekarun baya shi ne zai gano ta, da tartsatsi. Sannan ya dira cikin ramin da ya kai masa kafaɗa don gyara bututu. Hukumar OSHA ta wajabta wa 'yan kwangila tokare bangon rami ko kwantar da gefensa da zarar ya kai ƙafa 5, a kuma janye tulin ƙasa ƙafa 2 daga baki. Dokar ba ta hau kan mai gida ba, amma mita ɗaya ta ƙasa tsayi da faɗi da zurfi ta haura tan ɗaya ko a filin wa take. Ƙanƙantar injin ce ke ruɗar mutane su ɗauke shi abin wasa. A Janairun 2019 wani ma'aikaci a Liverpool da ya ce an hana shi kuɗin aikinsa ya hau matakala da irin wannan 'yar katafila ya ragargaza zauren wani sabon otal, kotu ta ɗaure shi fiye da shekara biyar.

Akwai kuma wanda ya gama duk aikin filinsa cikin mako uku, yanzu yana zagaye da hannu a baya yana neman abin tonawa. Kududdufi biyu gare shi, yana maganar na uku.

Shi ne abincin Maƙwabci, wanda bai sayi komai ba kuma ba shi da niyya. Yakan jingina da shinge ya yaba injin, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya ambaci wani ɗan kututture, aikin minti goma. Ya ce ya iya tuƙi, kuma ya iya, sai dai tsarin sanduna iri biyu ne, ISO da SAE, a ɗaya hannun dama ke ɗaga babban hannun injin, a ɗaya kuma hagu. Ya koya a kan wancan, wannan kuwa ɗayan ne, sai shingen ya biya kuɗin karatu. Minti goman yakan kai mako biyu. Injin ya dawo tanki a bushe, haƙorin bokiti ɗaya babu, tare da kwalin lemo a kan kujera da saƙon cewa surukinsa ma yana da wata 'yar magudana a ƙauye na gaba, ko za a haɗa masa da tirelar.