Bazazzage Ya Sayi Biri a Sama

Malam Bazazzage, bawana na gado! Labari ya iso Kantin Kwari cewa tun da ka dawo daga kwas a Amurka ka hana majalisarku ta Samaru sakat. Wai ka sayi hannun jarin wani ɗan ƙaramin kamfani a can, kowane ɗaya bai kai sisin dala ba, kuma kullum bayan la'asar kuna musu: kai ka ce zai ninka sau ɗari, wani dakta ya ce sau hamsin, mai tsoron Allah a cikinku ya ce sau goma. Musun malamai ke nan. Duk kun yarda zai hau, tsawon tsanin kawai kuke gardama a kai.

Da na bincika sai na tarar kamfanin naka ba ya cikin babbar kasuwar New York, ba ya cikin Nasdaq. A kasuwar bayan fage yake, inda dillalai ke ciniki a tsakaninsu, kuma a matakinta na ƙasa, inda kamfani kan daɗe bai nuna wa kowa littafin lissafinsa ba. Mu a Kano sunan wannan cinikin biri a sama.

Bari in ba ka karatun da babu shi a makarantarku ta Kongo. Darajar da kake gani a waya, farashin ciniki na ƙarshe ne aka ninka da yawan hannayen jarin. In mutum biyu suka yi ta sayar wa juna 'yan ƙalilan suna ɗaga farashi, sai kamfanin duka ya kumbura a takarda. A 2021 aka gano Hometown International, kamfanin da abin da ya mallaka shi ne shagon abinci guda a garin Paulsboro na jihar New Jersey. Cinikinsa na shekara biyu kusan dala dubu 35 ne, amma darajarsa a kasuwa ta haura dala miliyan 100. Mai tsiren bakin PZ a garinku ya fi shi ganin masu saye. A 2022 aka gurfanar da mutum uku kan murɗa farashin, daga baya suka amsa laifi. Kafin nan, a 2014, darajar Cynk Technology ta wuce dala biliyan 6 alhali ba shi da kuɗin shiga, sai da hukumar SEC ta Amurka ta dakatar da cinikinsa.

Na san za ka gyara tabarau ka ce ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Gaskiyarka. Ana cinikin hannun jarin Nestlé a wannan kasuwa a Amurka, kuma a nan gida Aradel ya tashi daga kasuwar bayan fage ta NASD ya shiga babbar kasuwar NGX a 2024. To amma waɗannan suna da haja, suna da riba, suna da lissafin da aka tantance. Naka me yake sayarwa ban da albishir? Wa ya duba littafinsa? Yaya yake biyan albashi? In ta hanyar fitar da sababbin hannayen jari ne, to furarka ake ta tsuga wa ruwa: ƙwarya na cika, gari na raguwa.

Sannan ga tambayar da kowane yaron shago ke fara yi, wadda majalisar masu digiri ta tsallake: ranar da za ka sayar, wa zai saya? A irin wannan kasuwa tazarar da ke tsakanin kuɗin da mai sayarwa ya yanka da tayin mai saye tana iya cinye ribarka tun ba ka motsa ba, wata rana ma a rasa mai tayawa. Ribar da ba ta shiga aljihu ba, labari ce.

Duk da haka ba zan tauye maka haƙƙi ba. Watan Cika-ciki na tafe, kuma ubangida ba ya hana bawansa kuɗin shara. Bana zan ba ka zaɓi a gaban shaidu: naira dubu biyar lakadan, ko hannun jarin kamfanin naka na daidai wannan kuɗi. Ka taho da 'yan majalisar duka, mu ga wanda za ka miƙa wa hannu.