Girma Ya Hana Alhaji Hamma

Wanda ya taɓa tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda ya san lokacin da jirgi ke yin tsit: kamar rabin awa kafin sauka. Hirar siyasa ta mutu, lissafin riyal ya tsaya, manyan mutane sun dafe kunne suna yaƙe, kowa na jiran wani ya fara cewa wayyo.

Ba sammu ba ne, babu hannun kishiya. A sama, iskar cikin jirgi ba ta da nauyi, kamar ta kan dutse mai tsayin mita 2,000. Da an fara gangarowa sai ta ƙara nauyi, ta danna dodon kunne ciki. Akwai wata siririyar hanya tsakanin kunne da bayan hanci da ke daidaita lamarin, sai dai ba ta buɗewa sai an yi hamma, ko tauna, ko haɗiyar yawu.

To, a nan gizo ke saƙar. Duka ukun an hore mu da gudunsu. Hamma a bainar jama'a rashin kamun kai ne, cingam na 'yan matan amarya ne, haɗiyar yawu kuwa sunanta kwaɗayi.

Na taɓa miƙa wa wani dattijo cingam, ganin idonsa ya kawo ruwa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Yaro, wannan zuwana na tara." Na ce Allah ya ba da haƙuri. Bayan mun sauka na ce, "Baba, ya kunnen?" Ya ce, "A'a, Madina za mu fara."

Likitocin kujerar baya kuma ba sa rasa magani. Wannan ta zaro man zaitun, waccan ta ce a cusa auduga, alhali ciwon yana bayan dodon kunne, inda auduga ba ta da biza. Jariri na tsala ihu, maganinsa nono ne, tunda tsotso haɗiya ce, amma uwar ta hango surukinta a layi na uku, ta gwammace jirgi duka ya kurmance. Wani kuma ya zaɓi daidai lokacin saukar ya shari barci, ya farka yana zargin direba.

Ga mai kunya akwai dabara: toshe hanci, rufe baki, ka hura a hankali. A hankali na ce, ba irin fyatar majinar bakin rijiya ba. Mai mura ya ga likita tun a gida, don hanyar tasa a kumbure take.

Mutum ɗaya na gani ta sauka garas: wata tsohuwa daga ƙauye, hawanta na farko. Tun daga Kano goro take ci, ta yi hammarta son ranta, har da miƙa. Ita ta riƙa maimaita wa Baba mai zuwa tara abin da jami'in fasfo ke faɗa, da ƙarfi, alhali ko Larabci ba ta ji.