Kafin Ka Ce In Hau, Ɗauko Sifana

Ni mutum ne mai kishin ƙasa, amma kishin nawa bai kai in shiga motar da aka ƙera a bayan gida ba tare da na ga an taka birkinta sau uku a gabana ba. Idan matashi a Kinkinau ya kwaso ƙarafa daga Panteka, ya samo injin tsohuwar Golf, ya yi wata takwas yana walda har ya fito da motar tsere mai kujera biyu, ja wur, cikinta na shafar ƙasa kamar ƙadangare, ni ne farkon mai tafi. Sai dai a bakin lambatu zan tsaya in yi tafin, inda tsalle ɗaya zai fisshe ni. Masu cewa tsoro ne sun faɗi gaskiya, amma tsoron nawa yana da hujja: duk wanda ya ƙera mota da hannunsa ya ɗauki aikin kamfani sukutum, kuma rabin aikin kamfani dubawa ne.

A tuna da Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kakuri, a masana'antar da ta fara aiki a 1975. Kowane noti yana da ƙa'idar ɗaurinsa, kuma motar na zuwa da littafin da ke faɗin lokacin juye baƙin mai. Motar bayan gida kuwa littafinta yana cikin kan maƙerinta, kan kuma ya cika da tunanin fenti da ƙarar salansa. A Ingila, inda mutane suka daɗe suna haɗa ƙananan motoci irin Lotus Seven a garejin gida, ba a ba irin wannan mota lamba sai jami'ai sun bincike ta tun daga birki har bel ɗin kujera. Su ke nan da titinsu ba ya cin taya. Mu da damina ke haƙa mana sabon rami duk mako, kowane rami kuma yana sassauta noti ɗaya, yana gwada walda ɗaya, ai mu muka fi cancanta da kwanciya a ƙarƙashin mota. Notin da ba a sake ɗaurewa ba, ba ya sallama idan zai tafi. Kana cikin gudu a baifas, yara na ihu, kana ɗaga musu hannu, sai ka ga wata taya ta wuce ka ta nufi Mando. Ka ce oho, wani ya shiga uku. Kafin ka rufe baki gefen motarka ya durƙusa, ka gane tayar da fentinta.

Abin dubawar ma ba wani sihiri ba ne. Walda takan fara tsagewa a mahaɗar ƙarafa, musamman inda ƙafa ta kama jikin mota, kuma fenti mai kauri yana rufa mata asiri. Man birki yana tsotse danshi daga iska, shi ya sa ake sauya shi kamar duk shekara 2, tun kafin ranar da zai tafasa ƙafarka ta nutse har ƙasa kamar ka taka kunu. Taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a lambobi huɗu: 2318 na nufin mako na 23 a shekarar 2018, komai kyan zanenta a wurin mai faci. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Tiyon fetur da ya ratsa kusa da salansa, da wayarin da aka haɗa babu fis, su biyun nan in suka gaisa, unguwa za ta sami labarin shekara.

Za a ce mini Allah ne mai tsarewa. Haka ne, amma malaman da suka koya mana tawakkali su ne suka koya mana a ɗaure raƙumi tukuna, kuma raƙumi bai da fetur a cikinsa. Za a ce babu kuɗi. Wanda ya iya sayen fitilu masu canza launi ba zai gaya mini gwangwanin man birki ya gagare shi ba. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa irin wannan magana tana kashe wa matasa gwiwa, alhali ƙasar na neman irin su Jelani Aliyu, ko Jerry Mallo na Jos da ya fito da tasa motar tseren a 2019. To, a duba Chevrolet Volt da Jelani ya zana wa General Motors: an nuna samfurinta a 2007, ba ta isa hannun masu saye ba sai ƙarshen 2010. Shekarun da ke tsakani ba a shafa fenti suka tafi ba. Na yarda motocin kamfani ma suna tsinke birki, amma su akwai wanda za a zaga. Kai idan taka ta shige shagon mai shayi, injiniyan da direban da mai biyan kuɗin ƙwai duk mutum ɗaya ne. Takardar da za ka nuna wa jami'an hanya na KASTLEA kuwa, ko ta cika, ba ta taɓa tsayar da mota a gangara ba.

Saboda haka ɗan'uwa, kafin fita ta gaba ka ɗaga ta a jak, ka girgiza kowace taya, ka bi noti ɗaya-ɗaya da sifana, ka shinshina ko fetur na yoyo, ka gwada birki a fili inda babu ko akuya. In ka gama, ka aiko a kira ni. Zan zo da hular kwano.